Idan Halin Tsoho Ya Canza a Kan Kuɗi, a Fara da Asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi magana a kan abin da ke raba kan gidaje a ɓoye, wato yadda mu'amalar dattijo da kuɗi ke juyewa idan ƙwaƙwalwa ko zuciya ta fara gajiya. A gidajenmu hukunci biyu aka iya yankewa. Idan Baba ya damƙe hannu, a ce tsufa ya zo masa da rowa. Idan ya sake hannu, a ce amarya ta shanye shi, ko wani ya yi masa asiri. Kafin a tuna da likita an riga an kai ƙara wajen mai unguwa, an kori 'yar aiki, 'yan ɗakin uwargida da na amarya sun daina gaisawa. Alhali sau da yawa kuɗi ne ƙofar farko da ciwon ƙwaƙwalwa ke leƙowa ta cikinta, tun mutum yana gane kowa, yana jan sallah, yana ba da labarin zamanin Sardauna ba tuntuɓe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gaisuwa da hira da karatun da aka haddace tun yarinta sun zauna daram, su ne na ƙarshen tafiya. Shi kuwa lissafin kuɗi yana neman abubuwa da yawa a lokaci guda: ka tuna nawa ka fito da shi, ka riƙe lamba a ka kana cire wata, ka auna maganar mai sayarwa, ka danne kwaɗayi, ka hango gobe. Ɗaya ya yi rauni, sai aljihu ya nuna. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun bi bayanan bashi na tsofaffi fiye da 81,000 da ke zaune su kaɗai, suka wallafa a 2020 cewa waɗanda daga baya aka tabbatar suna da cutar mantuwa sun fara tsallake biyan bashi tun shekara shida kafin likita ya gano ciwon. Tun a 2009 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da David Laibson na Jami'ar Harvard, suka nuna cewa kurakuran mutane a harkar bashi da cajin banki sun fi ƙaranci wajen shekara 53, daga nan sai su fara ƙaruwa a hankali. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na Michael Finke da abokan aikinsa: bayan shekara 60 sanin harkar kuɗi yana raguwa kaɗan kaɗan kowace shekara, amma yarda da kai ba ta raguwa tare da shi. Dattijo yana jin kansa kamar ranar da yake cinikin tirela goma ta masara a Dawanau, ga shi kuwa sikelin cikin kansa ya fara karkata. Ta wannan tsagar ce ɗan damfara ke shiga.

Kada a fahimce mu a karkace. Tsufa ba ciwo ba ne, kuma mafi yawan tsofaffi suna komawa ga Allah da hankalinsu. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis ya ma sami cutar mantuwa ta fi ƙaranci a tsofaffin Ibadan fiye da baƙaƙen fatar can Amurka. Tsohon da ke ce wa naira ɗari biyu jaka guda, ko ya ce wa dubu fam ɗari biyar, lafiyarsa ƙalau. Da fam da sule ya tashi kafin naira ta zo a 1973, kuma lissafinsa daidai ne. Wanda ke mitar tsadar shinkafa shi ma bai ruɗe ba, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024 wa bai yi mita ba? Wanda za a sa wa ido shi ne wanda ya miƙa ɗari biyar ta cefanen gida mai mutum goma sha, yana kuma jiran canji da gaske, an yi masa bayani jiya, yau ya sake. Ma'aunin kullum shi ne mutumin da kansa: yaya yake shekara biyu ko uku da suka wuce, yaya yake yanzu? Wanda tun fil'azal marowaci ne, rowarsa ba alama ba ce.

Abubuwa uku ne suka fi juya hannun tsoho a kan kuɗi, kuma mutane kan haɗa su duka su ce gigin tsufa, alhali biyu daga ciki suna warkewa.

Na farko shi ne ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana biyu zuwa uku. Da safe yana hankalinsa, da magariba bai san inda yake ba, yana neman a biya wani da ya rasu shekara ashirin. Wannan ba mantuwar tsufa ba ce, ciwo ne a jiki, kuma na gaggawa: cutar mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara ko azumi, riƙewar fitsari, taurin bayan gida, ko magani. Mai ciwon suga da ke shan Daonil, idan ya sha bai ci abinci ba, suga kan faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko 3.9 a masu ƙirga da ɗaya ma'aunin, ya yi ta gumi yana sambatu. Valium da Piriton da tiramadol da maganin tari mai kodin, waɗanda ake saye a kemis ba takarda, duk suna dusashe kan tsoho. Gwajin gida mai sauƙi: a ce ya faɗi ranakun mako da baya, Asabar, Juma'a, Alhamis, har Lahadi. Idan ya ɓace a hanya, ko ya yi gyangyaɗi ana cikin magana, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda guda, har da na gargajiya. Kada a tsayar da ƙwayar barci da ya daɗe yana sha a dare ɗaya, sai likita ya rage ta mataki mataki. A cikin wannan hali kuma kada a kawo masa takardar fili ya dangwala yatsa, ko da ya ce ya yarda.

Na biyu shi ne ciwon damuwa, wanda mu Hausawa muka fi raina shi, mu ce rashin tawakkali ne. Ya fi kama wanda ya yi ritaya majalisarsa ta watse, da wadda ta fita takaba ta tarar 'ya'ya kowa ya koma garinsa, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar. Alamominsa a kan kuɗi iri biyu ne. Wani zai tsorata da talauci ba dalili: da hatsi a rumbu, da kuɗi a banki, amma ya ƙi sayen maganin hawan jini, ya rage tuwon dare, ya ce komai ya ƙare. Wani kuwa zai fara rabar da kayansa, riga da agogo da gona, yana cewa ba zai ƙara buƙatarsu ba. Wannan na biyun a tambaye shi kai tsaye ko ya gaji da rayuwa ne, tambayar ba ta sa mutum abin da bai yi niyya ba. Idan mako biyu ya wuce yana farkawa tun kafin assalatu barci ya ƙi komawa, abinci ya fita ransa, rediyon da yake so ya daina kunnawa, to a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika. Maganin ba ya aiki a kwana uku, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, har fiye ga tsoho, kuma a nan iyali kan karaya su daina ba shi. Wani bambanci da ke taimakawa: mai damuwa shi ke kukan mantuwa, ka tambaye shi ya ce bai sani ba. Mai cutar mantuwa kuwa yakan musa, ya rufe da raha, ko ya juya ya kalli matarsa ta amsa masa.

Na uku ita ce cutar mantuwar kanta, mai tafiyar hawainiya cikin watanni da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Irin da ta fi yawa ita ce Alzaima, sai wadda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, wadda hawan jini da suga da aka yi wa sakaci ke share wa hanya. Yadda take bayyana a aljihu sananne ne. A biya mai ruwa sau biyu, a manta kuɗin wuta wata uku. A zuba adashi a manta an zuba, ko a rantse an zuba ba a zuba ba. Lambar sirrin katin ATM ta ɓace har na'ura ta riƙe katin, sai a rubuta ta a bayan sabon, ko a faɗa wa mai POS da baki a gaban jama'a. Tun sauyin kuɗi na ƙarshen 2022, ɗari biyu da ɗari biyar da dubu kowacce tana yawo da kala biyu, tsohuwa da sabuwa, wanda hakan ya ƙara wa tsofaffi wahala. Amma kafin a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi a duba ido da kunne, don mai yanar ido zai miƙa dubu a maimakon ɗari biyar da hankalinsa cif, kuma aikin yanar ido bai cika kai awa guda ba. A gwada jini kuma don maƙoƙo da ƙarancin bitamin B12, musamman ga wanda ya daɗe a kan maganin suga na metformin, domin su ma suna kwaikwayon mantuwa, suna kuma gyaruwa. Akwai wata irin cutar mantuwa da ke kama gaban ƙwaƙwalwa, sau da yawa tsakanin shekara 45 da 65, inda tunawa ke nan lafiya amma kunya da birki suka tafi: mutumin kirki ya fara saye-sayen banza, ya shiga caca, ya yi kyautar mota ga wanda ya sani jiya. Wasu magungunan cutar karkarwa ma suna haddasa irin wannan, likita ya sauya su abin ya lafa.

A nan ya kamata mu tsaya kan zargin sata, don shi ya fi ɓarna. Tsohuwa ta ƙulle kuɗi a haɓar zani, ta ji ba ta amince ba ta mayar cikin matashi, daga can zuwa ƙasan adaka, ta manta. Da ta nema ta rasa, ƙwaƙwalwa ba ta ce mata kin manta ba, sai ta ce an ɗauka. Wa ya ɗauka? Wanda ya fi kusa, wato wanda ya fi yi mata hidima: suruka, jikanya, almajirin gida. An sha dukan yara, an sha rantsuwa da Alƙur'ani, an sha sakin aure a kan kuɗin da daga baya aka tsinta a cikin kwanon garin kunu. Musu ba ya amfani, kuma cewa “Hajiya kin ruɗe” wuta yake ƙarawa. A ce mata “bari mu duba tare,” a bar ta ita ta gano da hannunta. A koyi maɓoyanta, yawanci ba sa wuce uku ko huɗu. A duba shara kafin a zubar, a lalube aljihu kafin wanki. A bar mata kuɗi ƙanana a lalita, hamsin hamsin da ɗari ɗari, don hannu wofi shi ke tayar da hankalin wanda ya saba juya kuɗi. Sai dai fa a yi adalci: wani lokaci da gaske ana satar, kuma ɓarawon ya san ba za a yarda da maganarta ba. Shi ya sa rubutu ya zama dole, a san nawa ya shiga ɗakin da ranar da ya shiga.

Akwai kuma wanda ba ya da ko ɗaya daga cikin ukun nan, kaɗaici ne kawai ke cinsa. Tsohon da ba mai zama da shi yakan sayi hira da kuɗinsa. Ɗan maula da maroƙi da mai kiran waya kullum yana “Baba ya jiki” sun gane haka sarai. Mai kiran da ke cewa daga banki yake, za a rufe asusu sai an karanto lambar da ta shigo yanzu, ko mai cewa daga ofishin fansho yake, a turo wani abu a fitar da ariyas, ba wayo ya fi tsohon ba, lokaci ya ba shi. Hukumar PTAD mai kula da fanshon tsofaffin ma'aikatan tarayya ta sha shelar cewa ba ta karɓar ko kwabo don biyan haƙƙi, kuma babu bankin da ke neman lambar sirri ta waya. Garatuti ma ya sha narkewa a tsare-tsaren zuba kuɗi na yaudara irin su MMM da ta rufe a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025, saboda wanda ke ganin fanshonsa na ƙanƙancewa yana saurin gaskata mai alƙawarin ninki. Ɗan da ke turo kuɗi duk wata amma bai zauna hira da mahaifinsa ba tun sallar bara, ya sani akwai mai zama a madadinsa.

Sai mu juyo ga magada, don su ma ba a bar su a baya ba. Dattijo mai ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, idan ya ga rana ta yi yamma, yakan mayar da kuɗinsa wajen abin da zai tarar: rijiya, masallaci, Umara, aurar da marainiya, tanadin likkafani. Wannan ba gigi ba ne, ko da ya rage abin da za a raba. Dukiyarsa ce. Yadda ake bambancewa shi ne a zauna da shi shi kaɗai, da safe, ba a gaban wanda zai amfana ba, a yi masa tambaya biyar. Me ka mallaka? Su wa ke da haƙƙi a kanka? Wannan gonar nawa take yi a yau? Idan ka bayar, da me za ka ci? Me ya sa wannan mutumin? Bayan kwana biyu ko uku a sake. Idan amsar ta tsaya a wuri ɗaya, ta kuma yi kama da halinsa na da, to a ƙyale shi, ko ba a so. Idan yau ya ce gonar ta Audu ce, jibi ya ce bai taɓa faɗa ba, sai a dakata a nemi takardar likita.

Abin da ya fi duka shi ne a yi shiri tun hankali na nan, wajen shekara 60 ko lokacin ritaya, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A sami littafi guda a raba shi gida huɗu: abin da ya mallaka da inda takardun suke, waɗanda yake bi, masu bin sa, da amanar mutane da ke hannunsa. Gida na huɗun nan shi ake mantawa, alhali tsofaffin 'yan kasuwa da malamai da yawa suna riƙe da ajiyar mutane a ka, ko a ɗan guntun ajami da ba mai iya karanta shi sai su. A rubuta da shaidu biyu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara da ta yi umarni da rubuta bashi ita ce kuma ta ce idan wanda ake bi mai rauni ne ko ba ya iya shibta, waliyyinsa ya yi da adalci.

A banki a raba kuɗin gida biyu. Babban asusu ya zama ba kati, ba manhajar waya, a rufe masa lambobin tura kuɗi ta waya, kuma idan ya yarda a mayar da shi sai da sa hannun mutum biyu. Ƙaramin asusu shi ke da kati, ana zuba masa na mako ɗaya ko biyu, a nemi banki ya rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. A sa alat ya riƙa zuwa ta imel ga wani amintacce wanda ba shi ke riƙe da katin ba. Mai kashewa daban, mai dubawa daban, kuma a gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku a ɗauko su daga ɗakuna dabam dabam, in ba haka ba an shuka shari'a. A kula da layin da ke haɗe da asusun. Wanda ya tsinci wayar yana iya danna *565*0# ya ga lambar BVN, don haka a sa wa layin makulli. Matsalar ita ce mai mantuwa zai danna kuskure sau uku layin ya kulle, shi ya sa ya fi kyau layin banki ya zauna a wata wayar a gida, ya riƙa yawo da wani. A riƙa amfani da shi kuma, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan sake sayar da shi, alat ɗin Baba ya koma hannun baƙo. A yi doka guda a gidan, wadda ta hau kan kowa har 'ya'ya don kada ya ji an ware shi: duk wata sayarwa ko kyauta ko zuba jari da ta haura adadin da aka yanke, sai ta kwana uku, sai kuma mutum biyu sun ji. Ɗan damfara ba ya son a kwana.

Kada a ƙwace komai rana ɗaya. A fara da zama tare ana biyan kuɗin wuta, sannan a karɓi manyan lamura a bar masa cefane da sadakar Juma'a da alawar jikoki, waɗannan su ne girmansa a idon gida. Masu ritaya a sabon tsarin fansho su kuma su san cewa wanda ya zaɓi biyan wata wata daga kamfanin fanshonsa yana iya komawa na kamfanin inshora, mai biya har ƙarshen rayuwa, daga baya, amma wanda ya shiga na inshora ba ya dawowa, don haka kada a yanke wannan shawara a gadon asibiti ko a bakin dillali.

Kurakurai biyu na shari'a suna yawan maimaituwa. Na ɗaya, mutane na zaton wanda aka rubuta a matsayin makusanci a takardar banki shi ke da kuɗin. Ba haka ba ne, shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuma cire kuɗi da katin mamaci cin haƙƙin sauran magada ne. Na biyu, ana jira sai hankali ya gushe sannan a ruga a rubuta wakilci ko kyauta, alhali dukansu suna buƙatar mai bayarwa ya san abin da yake yi a lokacin. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannu tun mai bayarwa yana da lafiya, wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai sauran sun yarda. Idan ciwon ya riga ya yi nisa, hanyar ita ce a je gaban alƙali da takardar likita, ya yi abin da malaman fiƙihu ke kira hajru, wato ya dakatar da tasarrufinsa ya naɗa waliyyi. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i da ake kafa hujja da ita ta haɗa da sharaɗi: a ciyar da su daga dukiyar, a tufatar da su, a faɗa musu magana mai daɗi. Waliyyin zai riƙe rasit na kowace kashewa, ba zai haɗa kuɗin da nasa ba, ba zai ranta wa kansa ba, kuma idan dukiyar ta kai nisabi shekara ta zagayo, shi zai fitar da zakkar, kashi 2.5 cikin 100, domin a Malikiyya gushewar hankali ba ta ɗauke ta daga kan dukiya.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da na harkar kuɗi masu bibiyar lamuran tsofaffi, Kano.